Tambarin da Neville Stubbings Ya Bari a Daɓen Kulob

Ranar Alhamis, shida ga Fabrairu, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Neville Stubbings ya turo ƙofar zauren kulob ɗinmu ba ko ƙwanƙwasawa, ya riƙe ƙugu, ya ce, "Wannan 'yar guntuwar sandar ƙarfen ce kuke ta nishi a kanta? Da hannu ɗaya zan haye ta, ɗaya hannun riƙe da kofin shayi."

Na san lokacin daidai domin na duba agogo. Shekara talatin da takwas na yi ina koyarwa a firamaren garin nan, kuma duk wanda ya faɗo mini aji ba izini, agogo nake fara dubawa.

'Yan'uwana mambobin Kulob ɗin Mirgina Ƙwallo na Port Kerrin, ni ce Glenys Prowse. Na liƙa wannan takarda a allon sanarwa ne saboda mujallar kulob a hannun Neville take. Shi ne sakatare, shi ke rubutawa, shi ke tacewa, shi ke yaba wa kansa a shafi na biyu. Ku ja kujera ku karanta har ƙarshe. Rabinku na koya wa karatu, na san za ku iya.

Tun watan Nuwamba muke taruwa a zauren nan duk safiyar Alhamis, mu bakwai, ƙaramarmu shekararta sittin da ɗaya. Ana kafa sandunan ƙarfe uku daga daɓe zuwa rufi, mu kuma mu koyi riƙe su, da zagaya su, da hawa. Malamarmu ita ce Tahlia Marsh, wadda na koya wa rubuta sunanta a aji ɗaya. Na san inda tunanin wasunku yake zuwa idan an ce rawar sanda. Ku dawo da shi. Bara na karye a wuyan hannu, likita ya ce ƙashina ya fara laushi, butar shayi ma sai da hannu biyu nake ɗaga ta. Bayan mako goma sha ɗaya da Tahlia, jikina gaba ɗaya nake ɗagawa daga ƙasa. A can saman sandar tsakiya ta ɗaure wani jan ƙyalle, kuma a safiyar da nake ba ku labari, saura taki ɗaya in taɓa shi.

Doka ɗaya ce a ajin, an rubuta ta da manyan baƙaƙe a jikin ƙofa: ba a zuwa da mai a jiki. Fata ce ke riƙe ƙarfe. Kun san wahalar wannan doka a wajenmu, mu da aka horar tun muna yara kada mu leƙa ko ƙofar gida a watan Fabrairu, tsakiyar zafi a ƙasar nan, ba mu laɓta man kare fata daga rana ba. Haka nan muke zuwa da malafa da riga mai dogon hannu, sai an tashi mu shafa. Kowane mako kuma mace ɗaya ke goge sandunan da tsumma da sifirit kafin a fara.

"Nev, rufe ƙofa, kana fitar mana da sanyi," in ji Voula Kostas, wadda ta yi shekara arba'in tana soya kifi a bakin tashar jiragen ruwa, bakinta kuma ya fi man suyar zafi.

Sanyin nan shi ne asalin maganar. Zauren ne kaɗai wurin da na'urar sanyi ke aiki sosai, Neville kuwa ya daɗe yana son mayar da kartar abokansa can ranar Alhamis.

"'Yan mata," ya ce da mu, mu da muka haɗa shekara kusan ɗari biyar, "shekara talatin na yi ina hawa falwaya a kamfanin lantarki. Cikin iska, cikin ruwa. Lokacin guguwar da ta yaye rufin coci, wa ya dawo wa garin nan da wuta?"

"Ai muna ta neman wanda za mu tambaya," in ji Voula. "Kwana tara muka yi a duhu. Kifina duk ya ruɓe."

Bai ji ta ba. Neville ba ya jin komai idan muryarsa na tashi. Ya ce Alhamis mai zuwa zai zo ya taɓa jan ƙyallen. In ya taɓa, mu kwashe sandunanmu mu koma ɗakin ajiya na baya, inda injin yanke ciyawa yake. In ya kasa, ya bar mu mu sha iska har abada.

"Mista Stubbings, mu ba gasa muke yi ba," in ji Tahlia. "Ka zo ka fara daga farko kamar kowa, zan koya maka."

"Ki koya mini hawa? 'Yar nan, tun kina cikin tsumma nake sama."

Voula ta miƙa masa hannu suka tafa. Ni kuma na rubuta sharaɗin a bayan takardar sunaye, ya sa hannu, na sa kwanan wata. Tana wajena.

A makon nan Voula ta naɗa shi Sarkin Falwaya, ya kuwa karɓi sarautar da murna, bai san ba'a ba ce. Duk yamma yana mashayar kulob, labarin na ƙara tsawo. Ranar Juma'a da hannu ɗaya zai hau. Ranar Lahadi ya koma kai ƙasa ƙafa sama. Kafin Talata ya rufe ido ma, yana tunanin ko a ɗaura masa buhun dankali a baya don abin ya ɗan yi wuya.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu, tagar kicin ɗina kuma tana kallon bayan gidansu. Ranar Laraba da hantsi ina wanke kofi, sai na ga Sarkin Falwaya ya fito yin gwaji. Abin da ya zaɓa shi ne shanyar matarsa Lorraine, irin ta ƙarfe mai juyawa da ke bayan kowane gida. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya daka tsalle ya kama ɗaya daga cikin hannayenta. Shanya ta yi abin da aka ƙera ta don shi, ta juya. Ta kai shi gabas, ta dawo da shi yamma, sannan ta sunkuya a hankali kamar mai gaisuwa ta ajiye shi a kan tumatir, zannuwan gado huɗu suka bi shi.

Lorraine ta fito ta tsaya a ƙofa.

"Neville, me nake gani?"

"Ƙarfen zamani ne, ba shi da ƙwari."

"Babana ne ya kafa ta, shekara hamsin da suka wuce."

"To ai shi ya sa. Ta tsufa."

Lorraine ta tako zuwa wajen tumatirin. Ta kwashe zannuwanta ta koma ciki. Duk wanda ya san Lorraine ya san shirunta ba yafiya ba ne, ajiya ce.

Ranar Alhamis, sha uku ga wata, layin goge sanduna ya zo kaina. Na goge duka ukun da tsumma ɗaya, a gaban mata shida. Ƙarfe goma daidai maza goma sha huɗu suka shigo cikin fararen kayan wasa, suka jeru a jikin bango. A ƙarshen zaure an shirya teburin shayinmu: kek mai kwakwa, da burodi, da wani ƙaton kwano na kirim da 'ya'yan itace da Voula ta haɗa.

Sai ga gogan. Ya ɗauko wani gajeren wando na zamanin da yake buga ƙwallon ƙafa, wanda ya shiga da kyar kuma babu alamar zai fita. Kafin ya zo sai da ya buga zagaye ɗaya na mirgina ƙwallo a filin ciyawa, cikin rana. Cinyoyinsa kuwa rabonsu da ganin rana tun ina koyar da aji uku, saboda haka ya yi abin da kowane mai hankali a ƙasar nan zai yi: ya laɓta musu man rana. Sai dai Neville ba ya yin abu kaɗan. Ya shafa, ya ƙara, ya sake ƙarawa, irin farin nan mai kauri mai ƙamshin kwakwa, daga sanƙo har idon sawu, har man ya jiƙa wandon ya ɓullo ta baya. Ya shigo yana ƙyalli kamar kifin da Voula ta tsoma a ƙullu za ta jefa a kasko.

"Mista Stubbings, sai ka wanke jikinka tukuna," in ji Tahlia. "Ga dokar can a ƙofa."

"Dokar masu koyo ce."

"Ba zai riƙe ka ba. Ga sabulu a bayi, minti biyar ne."

"Ji dabara," ya ce da mazan, yana kashe ido. "So suke in huce."

Ta ce ya ɗan motsa gaɓoɓinsa kafin ya fara, ya ce jikinsa a motse aka haife shi. Ta shimfiɗa masa katifa a gindin sanda, ya sa ƙafa ya ture ta gefe. "Wannan ta kakanni ce," in ji shi. Ni na tura katifar? Ban tura ba. Maza goma sha huɗu sun ga ƙafar da ta tura.

Gwaji na farko. Ya ja baya, ya yi tsalle, ya rungume sandar tsakiya da hannu da cinya. Ya tsaya a nan na ɗan lokaci, taki biyu daga ƙasa, fuskarsa cike da nasara. Sai ya fara sauka. Ba faɗuwa ya yi ba, da ta fi mutunci. Sulalowa ya yi a hankali, sandar na wani kuka siriri kamar ana jan yatsa a jiƙaƙƙen gilashi, har ya zauna daɓas a kan katakon daɓe, ƙafafunsa a miƙe, sanda a tsakiya.

"Yanzu za a kawo kofin shayin, ko sai ka kai sama?" in ji Voula.

"Auna ta nake yi," in ji shi.

Gwaji na biyu. Ya aika a ɗauko masa safar hannu ta fata daga mota, irin ta aikin lantarki. Ya zura hannayensa masu mai a ciki, ya sake tsalle. Safa ta riƙe ƙarfe, gaskiya ne, amma hannu bai riƙe safa ba. Ya zare daga cikinta kamar tsiran alade daga leda, ya koma ya zauna daidai inda ya tashi. Safar ta biyo shi, ta dama ta sauka a sanƙonsa, ta hagu ta bi bayanta.

Wani daga cikin mazan ya yi tari mai tsawo. Wani ya juya yana karanta sunayen zakarun kulob a bango kamar bai taɓa ganinsu ba.

"Sandar ce ba a ɗaure da kyau ba," in ji Neville. "Aikin mata."

A gindin kowace sanda akwai wani ɗan noti. In yana ɗaure, sanda a tsaye take cik. In an kwance shi, sai ta riƙa juyawa da mutum, kuma Tahlia ba ta kwance wa kowa sai ya yi wata shida. Neville ya zaro makullin noti daga aljihun rigarsa ya durƙusa.

"Kada ka taɓa wannan, Mista Stubbings. Don Allah."

"'Yar nan, bar wa masu sana'a sana'arsu."

Ya murɗa. Na ga hannun da ya murɗa, hagu ya yi. Ya miƙe ya tafi can bakin ƙofa, ya goge tafinsa a jikin labule, ya sheƙo a guje, tumbi na gaba shi yana biye.

Sau uku da rabi ya zagaya. Na ƙirga. A zagaye na farko yana cewa, "Kun gani?" A na biyu ya daina magana. A na uku ƙafafunsa sun miƙe a iska kamar tuta. A rabin ƙarshe sanda ta sallame shi. Ya sauka a kan cikinsa, kuma da yake daɓen na da santsi shi ma yana da santsi, bai tsaya ba. Ya wuce gaban maza goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba fareti, ya je ya daki ƙafar teburin shayi. Kwanon Voula ya yi ɗan tunani, sannan ya kife a kansa.



"Awa biyu na yi ina bugun kirim ɗin nan," in ji Voula.

Ku lura da wannan, domin ba ya cikin mujalla. A cikin abokansa babu wanda ya motsa. Ni na je na ɗaga shi, da wannan hannun da bara ba ya iya ɗaukar buta. Na ba shi tawul ɗina. Tahlia ta ɗaure masa idon sawun da ya gurɗe. Ya fita yana ɗingishi, yankin lemo manne a kunnensa, bai ce wa kowa na gode ba. Na ɗauka magana ta ƙare, har na ce wa mata kada a yi masa dariya a gari.

Ranar Litinin, sha bakwai ga wata, mujallar kulob ta fito. Shafin farko: "Wani gogaggen mamba ya tsallake rijiya da baya sakamakon maƙarƙashiya. An ga wata tsohuwar malamar makaranta tana shafa wani abu a jikin sandar jim kaɗan kafin ya hau, kuma an san tana yawo da man shafawa a jakarta."

Tsohuwar malamar makaranta guda nawa ce a kulob ɗin nan? Ni kaɗai ce.

Washegari kwamiti ya zauna. Mutum biyar ne, huɗu daga cikinsu suna jikin bango a ranar, sun ga komai da idonsu, amma da Neville suke karta. Suka dakatar da ajin. Suka hana ni shiga zaure. Neville da kansa ya sa kwaɗo a ƙofa, ya ce kada a taɓa komai, kada a share, kada a goge, a adana shaida har mai bincike ya zo daga birni.

Mako biyar ke nan. Na shiga gidan burodi, wani ƙato da na koya wa ɗaure igiyar takalmi ya dube ni yana murmushi ya ce, "Malama Prowse, ashe haka kike?" Na yi shekara talatin da takwas ina hukunta yaran da ke sa wa 'yan'uwansu ƙusa a kujera, yau ni ake nunawa da baki. Tahlia ta rasa ɗalibai biyu a wani ajinta saboda an ce sandunanta na jefar da mutane. Kafaɗar Voula ta koma ciwo. Ni kuma shekaranjiya na kama kaina ina ɗaga buta da hannu biyu. Wannan ya fi mini zafi a kan maganar gidan burodi.

Jiya da safe ina ban ruwan fure, Lorraine ta leƙo ta kan katanga.

"Glenys, ungo." Makulli ne. "A aljihun wandonsa na tsinta. Zan yi wanki, in na samu inda zan shanya."

"Lorraine, kin tabbata?"

"Na tabbata. Kuma maganar falwayar nan. A kwandon mota ake ɗaga shi, yana tsaye kamar kayan miya. Shekara shida. Sauran ashirin da huɗun a ofis ya yi su, yana raba wa mutane aiki."

"Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Ko fitilar kicin ta mutu, ni ke hawa tsani."

Muka kira Voula muka tafi. Ni ban shiga ba. An hana ni shiga, kuma doka ko ta zalunci ce ba ni zan karya ta ba. A bakin ƙofa na tsaya, su biyu suka shiga da awon tela.

'Yan'uwa, Neville ya yi mini alheri ɗaya a rayuwarsa: ya adana shaida da kyau. Sandar hagu da ta dama, waɗanda na goge da tsumman nan guda, fes suke kamar cokali. Sandar tsakiya kuwa fara ce tas daga taki biyar zuwa ƙasa, ga shacin yatsu, ga shacin cinya, tana ƙamshin kwakwa har yau. Man da ke jakata ba shi da ƙamshi, likita ne ya rubuta mini shi. Daga nan wani farin layi ya miƙe a daɓe har ƙafar tebur, kamar hanyar dodon koɗi. A gindin sandar kuma, inda ya zauna sau biyu, man ya bushe, ƙura ta hau kansa, ya fito da tambari raɗau: ɓari biyu, da layin ɗinkin wando a tsakiya.

"Santimita hamsin da takwas," in ji Voula daga durƙushe. "Ko mu biyu muka haɗu ba mu kai ba."

"Nasa ne," in ji Lorraine. "Shekara arba'in da huɗu ina ganin irinsa a kujerar falo."

Ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. A cire kwaɗon nan, a dawo mana da ajinmu ranar Alhamis mai zuwa ƙarfe goma, kamar yadda takardar da ya sa wa hannu ta ce. Ajin zai zama mu takwas, Lorraine ta rubuta sunanta. A buga gyara a shafin farko na mujalla, da baƙaƙe masu girman waɗanda aka ɓata mini suna da su.

Sannan ranar Juma'a, ƙarfe shida na yamma, lokacin da kulob ya cika maƙil, kafin a zaro tikitin wanda zai ci tiren nama a ƙuri'a, Neville Stubbings ya karɓi lasifika ya tsaya a miƙe, hannu a waje da aljihu. Ya faɗi cikakken sunana da na Tahlia Marsh. Ya ce shi ya shafa mai, shi ya ture katifa, shi ya kwance noti, kuma ƙarya ya rubuta a kaina. Ya ba mu haƙuri da murya irin wadda yake cika baki da ita, ta yadda na kujerar ƙarshe zai ji. In ya yi ƙunƙuni, zan sa shi ya maimaita. Bayan nan za a ba shi bokiti da burushi.

In kuwa har yanzu yana musun cewa tambarin nasa ne, abu mai sauƙi. Kada a goge. A buɗe zaure ranar Juma'ar, kowa ya shigo da kofinsa a hannu, Sarkin Falwaya ya zo ya zauna a kai mu gani ko akwai inda ya rage.

Glenys Prowse
Malamar makaranta mai ritaya